Me ke cinye ƙarfin kwamfutarka? Yadda ake duba furosesa da ram ba tare da lambobi sun ruɗe ka ba

Da zarar kwamfuta ta fara nauyi, maus yana ja da ƙyar, ka danna abu ka zauna kana jira kamar ba za ta amsa ba, hukuncin farko da mutane ke yankewa shi ne wai bairos ya shige ta, ko kuma ram ɗinta, wato ma'ajiyar wucin gadi da take ɗora abin da take aiki a kai, ya cika. Wani lokacin haka ne, amma sau da yawa ba haka ba ne, kuma abin haushin shi ne ita kwamfutar tana ɗauke da amsar a cikinta, kawai dai ba a saba leƙa wajen ba, wanda ma ya leƙa sai lambobin su tsorata shi ya fassara su a baibai. Ya ga kashi 80 a kan ram hankalinsa ya tashi alhali lafiya lau take, ko ya ga kashi 13 a kan furosesa, wato ɓangaren da ke yin lissafi da gudanar da aikin kwamfuta, ya ce ai nan ba matsala, alhali nan ɗin ne matsalar take kwance.

A Windows wajen da ake dubawa shi ne Task Manager. Hanya mafi sauri ita ce ka danne Ctrl da Shift da Esc a tare, ko ka yi danna dama a kan maɓallin Start ka zaɓe shi daga jerin da zai fito. Tsohon abu ne fa, tun 1996 yake zuwa da Windows NT 4.0, wani injiniyan Microsoft mai suna David Plummer ne ya rubuta na farkon, sai a Windows 8 a 2012 aka yi masa babban gyaran da ya ba shi kamannin da muka fi sani, da launukan nan masu ƙara duhu idan abu yana cin ƙarfi da yawa. Idan kana Windows 10 ya buɗe maka ɗan ƙaramin akwati wanda ba komai a ciki sai sunayen abubuwan da ka buɗe, danna More details a ƙasa, shi ke nan komai zai fito.

Abu na farko, kuma shi ne wanda aka fi sakaci da shi: ka buɗe shi a daidai lokacin da kwamfutar take nauyin. Buɗe shi bayan ta warware ba zai gaya maka komai ba, don ba tarihi yake ajiyewa ba, halin da ake ciki yanzu yake nunawa, girafin ma daƙiƙa 60 kawai yake riƙewa. Sannan idan ka buɗe kar ka yarda da lambar da ka fara gani, shi kansa buɗewar yana sa furosesa ya yi tsalle na ɗan lokaci, ba shi daƙiƙa goma ko sha biyar ya natsu tukuna. A shafin Processes akwai ginshiƙai, CPU shi ne furosesa, Memory shi ne ram, sai Disk da Network. Ka danna kan sunan ginshiƙi, zai jera maka firogiram daga wanda ya fi ci zuwa wanda ya fi ƙaranci. Rabin binciken kenan, ka gano wanne daga cikin huɗun nan ne ya ƙure, sannan wane ne a saman layinsa.

Mu fara da furosesa. Kashin da kake gani ba wani ma'aunin cika ba ne kamar na ajiya, lissafin lokaci ne: a cikin daƙiƙar da ta wuce, nawa furosesa ya yi yana aiki, nawa ya yi yana zaune. Saboda haka kashi 100 ba cuta ba ce a kan kanta. Idan kana haɗa bidiyo ko kana matse babban fayil, ai so kake ya yi amfani da duk ƙarfinsa ya gama da wuri, furosesan da ya tsaya a kashi 30 yana irin wannan aikin shi ne ma abin tambaya. Inda ake damuwa shi ne ka ga yana sama mintoci da yawa kai kuwa ba abin da ka sa shi.

Amma ga inda lambar ke yaudarar mutane. Furosesan yanzu ba guda ɗaya ba ne a ciki, yana da ƙwaƙwale da yawa, biyu, huɗu, shida, takwas ko fiye, kuma a wasu nau'o'in kowace ƙwaƙwalwa tana bayyana wa Windows kamar biyu ce. Je shafin Performance ka danna CPU, a ƙasa za ka ga Cores da Logical processors, na biyun shi ne adadin layukan aiki da Windows ke rarraba wa firogiram. To lambar da ke sama matsakaicin dukkansu ce. Ka ɗauka kana da layuka takwas, wani firogiram ya maƙale ya cika layi ɗaya taf, sauran bakwai suna hutu, abin da za ka gani kashi 12 ne ko 13. Idan layuka huɗu ne kashi 25. Firogiram da yawa, musamman tsofaffi, ba su iya raba aikinsu ba, layi ɗaya suke bi, to shi wannan firogiram ɗin ya ƙure iyakarsa ya daskare, kai kuma kana kallon 13 kana cewa furosesa hutawa yake. Duk lokacin da ka ga wani abu ya kafe a lamba ɗaya ba ya hawa ba ya sauka, 25 cif ko 12 da ɗoriya, ka zarge shi. Don ka gani da idonka, yi danna dama a kan girafin, zaɓi Change graph to, sannan Logical processors, girafin zai rabu gida-gida, za ka ga ɗaya ya cika har sama sauran suna kwance.

A wannan shafin dai akwai lambobi biyu da nake ganin sun fi kashin nan muhimmanci, mutane kuma ba sa kallonsu: Speed da Base speed. Base speed shi ne gudun da kamfanin ya rubuta wa furosesan, Speed kuma gudun da yake yi a yanzu. Idan ba ya aikin komai yakan sauke gudunsa ƙasa don ya rage cin wuta, wannan daidai ne. Idan aiki ya zo yakan haura har ya wuce na asalin, shi ma daidai ne. Matsalar ita ce ka ga yana kashi 90 ko 100 amma gudun ya faɗo ƙasa da na asali sosai, wani lokacin har ƙasa da 1 GHz. Wannan furosesa ba aiki ne ya yi masa yawa ba, an taka masa birki ne. Mafi yawan dalili zafi ne, furosesa idan ya doshi digiri 100 a ma'aunin salshiyos da kansa yake rage gudu don kar ya lalace, kuma abin da ke kawo hakan galibi ƙura ce ta toshe fanka, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, ko an ɗora laftof a kan katifa ta toshe ramukan iska. Wani dalilin kuma wuta ce, laftof tana kan batir a yanayin tanadin caji, ko cajar ba ta kai ƙarfin da ake buƙata ba. Babu wani firogiram da za ka rufe ya gyara wannan. Task Manager ba ya nuna zafin furosesa, sai ka nemi wani firogiram kamar HWiNFO ko Core Temp.

Idan ka leƙa shafin Details za ka ga wani abu wai System Idle Process yana cin kashi 90 da wani abu, kar ka ce ka kama ɓarawo, shi wannan lissafin lokacin da furosesa ba ya komai ne, yawansa alheri ne.

Akwai wasu sunaye da kusan kowa zai ci karo da su a saman layi. Antimalware Service Executable mai gadin Windows ne daga bairos yake binciken fayiloli. Windows Modules Installer Worker sabuntawa yake girkawa, yakan ɗauki lokaci yana cin furosesa da faifai musamman a kwamfutar da ta daɗe a kashe. Microsoft Windows Search Indexer jerin fayilolinka yake haɗawa don bincike ya yi sauri. Su kuma Service Host ɗin nan da za ka gani birjik, ayyukan Windows ne daban-daban kowanne da gidansa, yawansu ba alamar komai ba ce. Duk waɗannan maganinsu haƙuri ne, ka jona caja ka bar su su gama. Idan ka yi ta danna musu End task sai su dawo su faro daga farko, ka ga ka tsawaita wa kanka wahala, wasu kuma idan ka kashe su Windows ɗin gaba ɗaya zai faɗi. Ka'idar da nake bi mai sauƙi ce, abin da ni na buɗe shi nake rufewa, abin da ban san sunansa ba sai na yi danna dama na zaɓi Open file location ko Search online na san ko wane ne tukuna.

To yanzu ram, wanda nan ne aka fi samun rashin fahimta.

Ka ɗauki ram kamar teburin da kake aiki a kai, faifan ajiya kuma kabad ce da ke can bangon ɗaki. Abin da ke kan tebur hannu kawai za ka miƙa, na kabad sai ka tashi. Tebur da babu komai a kansa ba ya amfanar kowa, shi ya sa Windows da gangan yake ɗora abubuwan da yake zaton za ka nema a duk inda ya ga fili, idan kuma wani aiki na gaske ya zo yana neman wuri sai ya share su nan take. Bambancin gudun ba ƙarami ba ne: ɗauko abu daga ram bai cika kai nanosakan 100 ba, daga SSD, wato faifan zamani da ba ya juyawa, kusan ninki dubu na haka, daga tsohon faifai mai juyawa kuwa ana maganar milisakan 10, wato kusan ninki dubu ɗari. Wannan tazarar ita ce duk labarin nauyin kwamfuta idan ram ya gaza.

Shiga Performance ka danna Memory. In use shi ne abin da Windows da firogiram suke riƙe da shi a yanzu. Available shi ne abin da za a iya bai wa sabon aiki nan take, kuma a cikinsa har da mafi yawan abin da aka rubuta a Cached, wato waɗancan abubuwan da aka ɗora don ko-ta-kwana. Saboda haka idan ka ga Cached ya kai giga uku ko huɗu ba asara ba ce, shi ne ma dalilin da ya sa firogiram ɗin da ka rufe ɗazu yake saurin buɗewa a karo na biyu. Available ita ce lambar da za ka zuba wa ido. Matuƙar akwai giga ɗaya da rabi ko biyu a nan kana tsakiyar aikinka, ram ba shi ne matsalarka ba, ko da kuwa kashin da ke sama ya ce 75 ko 80. Idan ta faɗo ta koma 'yan megabait ɗari biyu ɗari uku ta zauna a nan, to an zo wajen.

Kusa da In use za ka ga wata lamba da aka rubuta Compressed. Tun Windows 10 a 2015 idan wuri ya fara ƙaranci, kafin a kwashe kaya zuwa faifai sai a fara matse su a cikin ram ɗin, don warware matsattsen abu ya fi zuwa faifai sauri nesa ba kusa ba. Kaɗan daga ciki ba komai, idan ya yi yawa alama ce cewa ana ta faman neman wuri.

Lambar da ta fi kowacce faɗin gaskiya a wajena ita ce Committed. Za ka gan ta kamar 9.8/15.9 GB. Ta hagu ita ce jimillar wurin da Windows ya yi wa firogiram alƙawari, ta dama kuma iyakar abin da zai iya alƙawartawa, wato ram ɗinka haɗe da wani fayil da ke kan faifai mai suna pagefile.sys wanda ake zuba rarar kaya a ciki. Ka kwatanta ta hagun da ainihin ram ɗinka. Idan kana da giga 8 ta hagu kuma tana yawo a 6 ko 7, lafiya. Idan kullum tana 12 ko 13, ma'ana aikinka ya fi ƙarfin ram ɗin da kusan giga biyar, kuma wani kaso mai yawa na wannan rarar a kan faifai yake kwana, duk lokacin da ka koma kan wata taga da ka daɗe ba ka taɓa ba sai an je an ɗauko ta, a kuma fitar da wata don a samar mata wuri, wannan kai-komon shi ne daskarewar nan ta daƙiƙa biyu uku da kake ji idan ka sauya daga burauza zuwa Word. Idan kuwa ta hagu ta kusa cim ma ta dama, nan ne firogiram ke fara rufe kansu ko Windows ya fito da gargaɗin ƙarancin memori. Shi ya sa shawarar nan da ake yawan bayarwa wai ka kashe pagefile don kwamfuta ta yi sauri ba ta da kan gado, iyakar kawai ka rage.

Kana son tabbaci? A ƙasan shafin ko a menun ɗigo uku akwai Resource Monitor, ko ka rubuta resmon a wajen bincike. A shafinsa na Memory akwai Hard Faults/sec. Sunan yana da ban tsoro amma ba lalacewa yake nufi ba, yana ƙirga sau nawa a daƙiƙa aka nemi abu a ram ba a samu ba sai da aka je faifai. Idan ka buɗe sabon firogiram dole ya yi tsalle, ba komai. Idan kuwa ya zauna a sama ba ya sauka, Available ta yi ƙasa, faifai kuma yana ta aiki, abubuwa ukun nan tare su ne shaidar cewa ram ya gaza da gaske.

Wani abin da ke ɗaure wa mutane kai, ka tara duk lambobin da ke ginshiƙin Memory a shafin Processes ka samu giga uku, amma sama ta ce ana amfani da shida. Ina sauran? Ginshiƙin nan kason da kowane firogiram ya keɓe wa kansa kawai yake nunawa, bai haɗa da abin da suke tarayya a kai ba, bai haɗa da zuciyar Windows da direbobin na'urori ba, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta. Na direbobi yana cikin Paged pool da Non-paged pool a shafin Memory. Shi Non-paged pool a al'ada 'yan megabait ɗari ne, idan ka gan shi ya kumbura ya kai giga biyu uku yana ƙaruwa, to wani direba ne yake karɓar wuri ba ya mayarwa, sau da yawa na katin intanet, kuma ba za ka taɓa ganinsa a jerin firogiram ba komai daɗewar da ka yi kana kallo. Sai Hardware reserved, wurin da aka yanke wa na'urori tun kafin Windows ya tashi, galibi katin hoto na cikin furosesa wanda ba shi da ram nasa sai ya ci daga naka. Shi ya sa mai giga 8 yake ganin 7.8 ko ƙasa da haka. Idan kuwa ka sa giga 8 ka ga ana amfani da uku da wani abu kawai, duba ko Windows mai bit 32 aka saka maka, wannan ba ya iya ganin sama da giga 4 ko nawa ka zuba.

Irin wannan riƙe wurin ba a direbobi kaɗai yake ba, firogiram ma suna yi. Alamarsa ita ce lambar firogiram tana hawa a hankali awa bayan awa ba ta taɓa saukowa ko da ka rufe abin da kake yi a cikinsa. Rufe shi gaba ɗaya a sake buɗewa yana mayar da wurin. A nan akwai wani tarko: a shafin CPU akwai Up time, tsawon lokacin da Windows ya yi a kunne. Mutum zai rantse kullum yana kashe kwamfutarsa da dare amma ya ga an rubuta kwana 20. Ba ƙarya aka yi masa ba, tun Windows 8 akwai wani tsari mai suna Fast Startup wanda idan ka danna Shut down ba ya kashe zuciyar Windows gaba ɗaya, adana ta yake a faifai ya dawo da ita da safe yadda take, har da duk wani direban da ya kumbura. Restart ne yake share komai a faro sabo. Abin kamar a juye yake amma haka ne.

Game da firogiram ɗin nan masu cewa za su wanke maka ram da danna ɗaya, ni dai ban ga amfaninsu ba. Abin da suke yi shi ne su tilasta a kwashe kaya daga ram a tura faifai, lambar ta sauko ka ji daɗi, minti ɗaya bayan nan duk abin da ka taɓa sai an je an ɗauko shi daga faifan, ka ga ka sayi nauyi da hannunka, ga shi su kansu suna zaune a ram ɗin suna cin nasu kason.

Burauza kuwa, kusan a kowace kwamfuta ita ce a saman layin ram, kuma za ka ga lamba kusa da sunanta kamar 25 ko 30 alhali shafi shida ka buɗe. Tun fitowar Chrome a 2008 aka gina shi a kan raba kowane shafi da kowane ƙarin da ka saka masa zuwa aiki mai zaman kansa, don idan ɗaya ya faɗi kar ya ja sauran, kuma don wani shafi kar ya leƙa bayanan wani. Kuɗin wannan tsaron ram ne. Task Manager na Windows ba zai gaya maka wane shafi ne mai cin ba, amma Chrome da Edge suna da nasu a ciki, kana cikin burauzar ka danna Shift da Esc, zai jero maka kowane shafi da sunansa da abin da yake ci na ram da furosesa. Sau da yawa shafi ɗaya ne mai tallace-tallace masu motsi ko wani ƙari da ka manta ka saka yake cin rabin komai. Dukkansu biyun kuma suna da tsarin kwantar da shafukan da ka daɗe ba ka taɓa ba, a Chrome sunansa Memory Saver, ka tabbata a kunne yake.

Akwai kuma halin da za ka duba furosesa ka ga 15, ram ka ga da sauran wuri, amma kwamfuta kamar ta mutu. Kalli ginshiƙin Disk. Idan yana 100 a tsaye, to furosesan zaman jira yake, faifai ne ya kasa kawo kaya da wuri. Kuma wannan kashin ma na lokaci ne, faifai mai juyawa yana iya cika 100 yana kwasar megabait biyu kacal a daƙiƙa idan ƙananan fayiloli ne warwatse, saboda allurarsa sai ta yi ta tsalle daga nan zuwa can. Kwamfutar da har yanzu take kan irin wannan faifan da Windows 10 ko 11, sauya shi da SSD ya fi duk wani gyara tasiri, sau da yawa ma ya fi ƙarin ram.

Maganar bairos ba a watsar da ita ba. Akwai nau'in da ke satar ƙarfin furosesa ko katin hoto yana haƙar kuɗin kirifto wa wani, alamarsa fanka tana ta ihu kwamfuta ta yi zafi ba ka komai. Wasunsu suna da wayo, da ka buɗe Task Manager sai su yi lamo, ka rufe su ci gaba. Idan fanka tana yin shiru duk lokacin da ka buɗe shi ta kuma tashi da ka rufe, wannan abin zargi ne, ka gwada Process Explorer na Sysinternals, kayan aikin Mark Russinovich da Microsoft ta saya a 2006, kyauta ne, sannan ka yi cikakken bincike da mai gadin kwamfutar. Ka kuma duba ginshiƙin GPU, wato katin hoto, an ƙara shi a Windows 10 tun 2017.

Masu Mac nasu sunansa Activity Monitor. Abu biyu za ka riƙe. A can kowace ƙwaƙwalwa kashi 100 gare ta, saboda haka ganin firogiram yana cin 350 ba kuskure ba ne, uku da rabi ya kama. A shafin Memory kuma manta da yawan abin da aka ci, kalli girafin Memory Pressure, kore lafiya, rawaya an fara matsuwa, ja ram ya gaza, sai ka haɗa da Swap Used, wato rarar da aka zuba a faifai. A Linux ka rubuta top ko htop a taminal, shi ma top a al'adarsa kowace ƙwaƙwalwa 100 yake ba ta, sannan free -h don ram, inda ginshiƙin available ne abin kallo ba free ba. Lambobi ukun nan na load average da top ke nunawa matsakaicin adadin ayyukan da ke gudana da waɗanda ke layin jira ne a minti 1 da 5 da 15, ka kwatanta su da yawan ƙwaƙwalen furosesanka, 4 a kan mai takwas ba komai ba ne, 4 a kan mai biyu cunkoso ne.

Mu koma Windows: kafin ka kashe kuɗi, leƙa shafin Startup apps a Task Manager. Nan ne jerin abubuwan da ke tashi da kansu duk lokacin da ka kunna kwamfuta, kowanne an rubuta masa nauyinsa a gefe. Manhajojin hira, na kiɗa, na wasanni, masu sabunta kansu, duk suna son su zauna a nan. Disable ba ya goge su, hana su tashi da kansu kawai yake, ranar da kake so ka buɗe da hannunka. Bayan ka rage su ka yi Restart, ka buɗe iya abubuwan da ka saba aiki da su a rana ta yau da kullum, ka yi aiki na awa ɗaya, sannan ka koma ka duba Committed da Available. Idan har yanzu lambar hagu ta Committed ta zarce ram ɗinka da nisa, to ƙarin ram ne maganin, ba wata dabara. Microsoft ta ce giga 4 ne mafi ƙaranci ga Windows 11, amma wannan na ya tashi ne kawai, da ka buɗe burauza ya ƙare, 8 shi ne inda ake fara numfashi, mai buɗe shafuka da yawa ko aikin hoto da bidiyo kuma 16 zai nema.

Shafin Memory ɗin dai zai gaya maka ko ƙarin zai yiwu. Duba Slots used, idan ya ce 1 of 2 akwai gurbi a buɗe, kodayake wasu laftof suna faɗin gurbin da babu shi a zahiri, gara ka tabbatar da lambar samfurin kwamfutarka ko a buɗe bayanta a gani. Speed da Form factor su za su nuna maka irin wanda zai shiga, SODIMM na laftof ne, DIMM na babbar kwamfuta, kuma DDR4 ba ya shiga gurbin DDR5 ko na DDR3, tsagar da ke jikinsu ma ba wuri ɗaya take ba. Idan ka ga an rubuta Row of chips, to ram ɗin a like yake da allon kwamfutar, kamar yadda yake a siraran laftof da yawa da duk Mac masu furosesan Apple tun daga M1 a 2020, irin waɗannan abin da ka saya da shi da shi za ka zauna, sai dai ka rage yawan abin da kake buɗewa a lokaci ɗaya.